Rizistan ƙarshen layin CAN a mota

Rizistan ƙarshen layi wani ɗan ƙaramin rizista ne mai om 120 (om shi ne ma'aunin yadda rizista ke tare wutar lantarki) da ake sawa a kowane baki na layin CAN, wato wayoyin nan biyu da aka murɗe tare, CAN-H da CAN-L, waɗanda ta kansu ne kwamfutocin mota ke magana da juna, ta inji da ta giya da ta birki da sauransu. Aikinsa ya shanye sigina in ta kai ƙarshen waya, don in babu shi sai ta dawo baya kamar amsa-kuwwa ta ci karo da saƙon da ke tafe ta dagula shi.

Tarihi

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fara aikin CAN wajajen 1983, aka gabatar da shi a taron SAE, ƙungiyar injiniyoyin motoci, a Detroit ta Amurka a 1986, shekara ɗaya bayan nan Intel ta fito da cip ɗinsa na farko, Philips ma ta biyo baya. Mercedes W140 ta 1991 ake yawan cewa ita ce motar kasuwa ta farko da ta zo da shi. A 1993 ya zama ƙa'idar ISO 11898, kuma an tsaya kan om 120 ne saboda ya dace da yanayin ita murɗaɗɗiyar wayar. Daga motocin 2008 Amurka ta wajabta CAN a soket ɗin OBD, wato inda ake jona na'urar gwajin mota.

Gwaji

Masu wayarin kan cire kan batir, su ɗora mita tsakanin fin na 6 da na 14 a soket ɗin OBD da ke ƙasan sitiyari. Om 60 lafiya lau, rizista biyu na nan, domin biyu masu 120 a kan wayoyin nan 60 suke bayarwa. In mita ta nuna 120 to ɗaya ya tafi ko waya ta tsinke, 40 kuma wani ya yi ƙarin na uku, abin da ke yawan faruwa in an jona tiraka (na'urar bin sawun mota) ko wata na'ura da ta zo da nata a ciki.

Galibi rizistocin a cikin kwamfutoci biyu na ƙarshen layi suke, shi ya sa in an ciro ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta, aka ɗora a tebur sai ta ƙi amsa na'urar gwaji wani lokaci, har sai an maƙala rizista tsakanin wayoyin.

Wasu kamfanoni kan raba rizistan biyu, 60 da 60, da kafasita a tsakiya don rage hayaniyar lantarki. Ko guntuwar waya na buƙatarsa, akwai saɓani, amma ƙa'ida cewa ta yi a sa.