Sadakatul jariya: me ake nufi da ita?

Kwana 3 da rasuwar Baba, muna zaune a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, wani ɗan'uwanmu da ya zo ta'aziyya daga Kano ya ce, "Ya kamata 'ya'ya su haɗa kai a yi wa Malam sadakatul jariya." Kowa ya ce haka ne. Da jama'a suka watse, ƙanena ya matso ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, wai sadakatul jariyar nan dole sai rijiyar burtsatse?" Na san abin da ke ransa. Mu manoma ne a wani ƙauye da ke gefen Ringim, abin da ke rumbu da ƙyar yake kai mu damina. Kalmar kuwa ta yawaita a jikin tankunan ruwa da bangon masallatai da saƙonnin WhatsApp, har talaka ya fara jin kamar ba da shi ake ba.

Kalmar Larabci ce. Jariya na nufin mai gudana, irin gudun ruwa, kuma ita ce a aya ta 12 ta Suratul Gashiya inda aka siffanta marmaron Aljanna. Saboda haka sadaka mai gudana ita ce wadda amfaninta ba ya ƙarewa ranar da aka ba da ita. In ka dama kunu ka raba wa almajirai, an sha, ka samu ladanka, magana ta ƙare. In ka dasa itace, bana a sha inuwa, baɗi a sha, bayan shekara 20 jikan wani ya zo ya ɗaure jakinsa a gindinsa ya huta. Muddin ana amfana, lada na isa ga mai shi ko yana cikin kabari.

Tushen maganar hadisi ne da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanya 3: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa na gari mai yi masa addu'a. Wannan ya fi shafar abin da mutum ya shuka da hannunsa tun yana raye. Amma 'ya'ya ma suna iya yi a madadin iyaye. Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Sayyadina Umar kuma ya samu fili a Haibara, ya tsayar da shi ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gādonsa, sai dai a ciyar da amfaninsa. Irin wannan shi malamai ke kira waƙafi, kuma da yawansu da shi suke fassara sadakatul jariya.

Akwai abin da zafin rashi ke sa mu tsallake, wato bashi. A Suratun Nisa'i an faɗa, an kuma maimaita, cewa rabon gado sai bayan wasiyya da bashi, kuma hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har a biya. Mu da muka bincika, mun samu akwai kuɗin takin zamani buhu 2 a kan Baba. Mai shi bai yi magana ba don kunya, ya zo ya yi gaisuwa ya tafi. Shi muka fara sallama. Haka kuma ba a yankar rabon marayu ƙanana a ce za a gina masallaci da shi. Wasiyyar mamaci ba ta wuce kashi 1 cikin 3 na dukiyarsa, abin da ya saura na magada ne, wanda ya ga dama ya bayar daga nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke manta da rabin kalmar, wato gudanar. A kan hanyarmu ta zuwa gona akwai wani tuƙa-tuƙa da aka yi wa wani bawan Allah, an rubuta sunansa da fenti a jikin siminti, an tara mutane an yi addu'a ranar buɗewa. Bai cika shekara ba ya lalace. Yanzu hannunsa a sake yake, yara na lilo da shi, mata kuma sun koma tsohuwar rijiya da gugansu. Ba na shakkar niyyar 'ya'yansa, Allah Ya ba su ladanta. Amma da sun ware ɗan abin gyara, ko sun damƙa shi a hannun wani dattijo a unguwar, da har yau ana sha. A ganina wanda ya biya mai gyara ya tayar da mataccen famfo bai gaza wanda ya haƙa sabo ba.

Ƙaramin ƙarfi ma yana da ƙofofi. Alƙur'ani a ajiye a masallacin da ake karatu, alluna da tawada a makarantar allo, gyaran makarar unguwa, dashen mangwaro ko zogale a inda kowa zai tsinka. Buhari da Muslim duk sun kawo cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci, face ya zama sadaka gare shi. Ga kuma addu'a, wadda ba ta cin ko kwabo. Ni har yanzu in na idar da sallar asuba na juya ban ga Baba a gefen dama na sahun farko ba, sai ƙirjina ya yi nauyi, a nan nake roƙa masa gafara.

Inna ce ta warware mana maganar. Tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10, muka shiga ɗakinta da shawarar mu ci bashi a yi burtsatse. Ta ce, "Ku bar ɗora wa kanku abin da ba za ku iya ba. Randar ƙofar gida fa, wa ya cika ta tun da ya kwanta?" Muka yi shiru. Tun muna yara Baba ya kafa randar nan a gindin darbejiyar da shi ya dasa, da moɗa ɗaure da igiya, don masu wucewa, musamman ranar kasuwar Gujungu. Kullum kafin ya tafi gona sai ya zuba mata tulu biyu.

Muka fita muka tarar da ita ƙaf, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Ƙanena ya wanke ta, na sayo sabon faifai muka rufe. Yanzu juyi muke yi, yau ni gobe shi. Ranar kasuwar da ta wuce wani Bafulatani ya tsaya da shanunsa ya sha, ya tambaye ni ina tsohon da yake gani a nan. Na gaya masa. Ya ajiye sandarsa, ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa.