Waiwaye: Babban cocin Katolika na Yamai, daga 1931 zuwa yau

Mutanen Yamai da yawa ba su san sunansa na gaskiya ba. Ka ce wa mai taksi "Misiyon" ko "Katedral", zai kai ka har bakin ƙofa, amma ka ce masa Notre-Dame du Perpétuel Secours, sai ya waiwayo ya dube ka. Ma'anar sunan, Maryamu mai taimakon da ba ya yankewa. Shi kuwa "katedral" daga kalmar kujera ya samo asali, wato cocin da kujerar bishop take ciki. Coci ko ya kai girman filin ƙwallo, in babu kujerar nan, bai ci sunan ba.

A 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram suka maido shi bakin kogin Kwara. Yamai a lokacin ƙaramin gari ne, ana ta ɗauko ma'aikatan ofis, magina, kafintoci da malaman lekol daga Dahome, Togo da sauran ƙasashen bakin teku, kuma da yawansu ƴan Katolika ne. Su ne jama'ar farko da Fada François Faroud, na ƙungiyar mishan ta Afirka mai cibiya a birnin Liyon, ya tarar sa'ad da ya iso Yamai a 1931. Abin lura a nan, ba Katolika ne suka fara shigowa ƙasar ba. Ƴan mishan na SIM, wata ƙungiyar Kiristocin Furotesta, sun riga su da shekara bakwai, don tun 1924 suke Damagaram, kuma su ne daga baya suka kafa asibitin Galmi da mutanen jihar Tawa suka sani sarai.

Ranar 28 ga Afrilu 1942 fadar Paparoma ta ware Yamai a matsayin yankin mishan mai cin gashin kansa, Faroud ne shugabansa na farko. A 1948 aikin ya koma hannun wata ƙungiyar limamai da ake kira Redamtoris, ƙarƙashin Fada Constant Quillard. To, a nan asalin sunan cocin yake. Tun 1866 Paparoma Piyus na tara ya danƙa wa ƙungiyar nan wani tsohon zanen Maryamu riƙe da ɗanta, wanda ke ajiye a cocinsu na birnin Rum, kuma duk inda suka sa ƙafa a duniya da sunan zanen suke tafiya. Ana bikinsa ranar 27 ga Yuni, daidai lokacin da damina ke kankama a Yamai, lokacin da kowane mai gida ke ɗaga kai yana duban rufinsa.

Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Ba a cika shekara ba, ranar 21 ga Maris 1961, aka mai da Yamai cikakken yankin bishop, aka naɗa Hippolyte Berlier. Daga ranar cocin ya zama katedral. Ƙasar Nijar kaf, daga Gaya har Bilma, tana ƙarƙashin kujera ɗaya, haka kuma aka zauna shekara 40, sai a 2001 aka yanke Maradi, tare da Tawa, Damagaram, Agadas da Difa, aka ba Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Berlier ya sauka a 1984, Guy Romano ya karɓa, Michel Cartatéguy ya biyo baya a 2003, a zamaninsa kuma, cikin 2007, Yamai ta zama mazaunin babban bishop. Su ukun nan duk Faransawa ne. Sai a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa, Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, wanda ya hau kujerar a 2015. Shekara 83 ke nan bayan isowar Faroud kafin a naɗa ɗan Nijar kan kujerar, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda addinin ya yi tafiyar hawainiya a ƙasar.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari. Kiristoci duka, Katolika da sauran ɗariƙu, ba su kai kashi ɗaya ba. Da ƴan tsirarun nan ake riƙon gini, a garin da yanayinsa ba ya ɗaga wa gini ƙafa. Daga Disamba hunturu ya cika ko'ina da ƙura, ta kwanta kan bencina, ta shige cikin fanka da lasifika. Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, kwano ya buɗe da rana ya tsuke da dare, ƙusoshi su saki. Kafin a farga hadari ya taso da iska, ruwan farko ya tona asirin duk wata ɓula. Ga gara a ƙasa tana nata aikin shiru a jikin katako. Wanda ya taɓa zama cikin kwamitin masallacin unguwa ya san wannan lissafin ba sai an karanta masa ba: fenti, siminti, kuɗin wuta, kuɗin ruwa, albashin maigadi.

Wata Asabar da hantsi na raka wani abokin aikina, ɗan asalin Benin, zai ɗauko matarsa daga sharar coci. Mata ne kusan goma, kowace da tsintsiya da bokiti, sun ɗaure zane sun tattare bencina gefe guda. Wata dattijuwa na goge ƙafar kowane benci da tsumma, tana ƙwanƙwasa shi da yatsa tana saurare. Wata budurwa ta ce mata, "Inna, ai wannan an goge." Ta ce, "Ba gogewa nake ba, ƴata, gara nake nema." Da ta ji wani ya yi amon kurtu mara komai, sai ta ja shi waje ta jingine da bango, a jira kafinta. Zarma, Hausa da Faransanci duk suna yawo a bakinsu, wani lokaci cikin jimla ɗaya.

Kuɗin kuwa daga kwandon baiko na ranar Lahadi yake fara fitowa, inda ƴan dala ashirin da dala hamsin suka fi takardar jaka yawa, sai gudummawar shekara da kowane mai bi ke bayarwa gwargwadon hali. Wannan yana iya ɗaukar shara da ƙananan gyare-gyare. Babban aiki irin na sauya rufi sai an nemi hannun majami'un ƙasashen waje. Kuma katedral ba shi kaɗai ke cin aljihun ba, akwai makarantu da ɗakunan shan magani, akwai ƙungiyar agaji ta CADEV, waɗanda mafi yawan masu amfana da su Musulmi ne. A ganina, ta wannan ƙofar mutanen gari suka san Misiyon, ba ta ƙofar ibada ba. Manyan ma'aikata da yawa a Yamai a lekol ɗin Misiyon suka koyi karatu, suka fita da sallarsu kamar yadda suka shiga.

Shi ya sa abin da ya faru a Janairun 2015 ya girgiza mutane. Bayan jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zanga-zanga ta ɓarke a Damagaram ranar Juma'a 16 ga wata, washegari ta iso Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu, ƴan sanda kuma suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai kaɗai. Katedral ya tsira ne saboda jami'an tsaro sun kewaye shi. Shugabannin cocin suka dakatar da ibadar Lahadi, suka rufe makarantu na wani lokaci, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ayyana makokin kwana uku. Kiristocin Yamai ba su da hannu a zanen da aka yi a Faris, kuma akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye su a gidajensu a ranar.

Daga nan tsaro ya shiga jerin abubuwan da ake kashe wa kuɗi, gefe ɗaya da fenti da kwano. Matsalar ta ƙaru daga yamma. A Satumban 2018 ƴan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, a ƙauyen Bomoanga kusa da iyakar Burkina, sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. Yankin Makalondi da Torodi, inda Katolika ƴan ƙasa suka fi yawa, shi ne kuma inda hare-hare suka kori mutane daga ƙauyukansu. Wasunsu sun gangaro Yamai ba gona ba sana'a, ranar Lahadi suna zaune kan bencinan da dattijuwar nan ke ƙwanƙwasawa, kwandon baiko na bi ta gabansu.