"Lid": Jagora Ne Ko Shugaba?

Tun da gwamnatin Ghana ta ƙaddamar da shirin koya wa mutum miliyan ɗaya rubuta manhaja a 2025, kalmomin 'yan kwamfuta suka cika mana Zango. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce "lid", wato "lead" na Turanci, muƙamin mai jan ƙaramin rukunin ma'aikata. Ka leƙa LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, duk yaron Nima ko Madina da ya shekara biyu a ofis ya zama lid. Kwanaki ina cikin trotro zuwa Mamobi, direba ya kamo wata tashar Hausa, na ji mai gabatarwa yana yi wa baƙonsa kirari da "shugaban kamfani sukutum". Alhali bawan Allah ya faɗa da bakinsa cewa shi lid ne na masu gwajin manhaja, su biyar har da shi. Bai gyara masa ba. Wa ke ƙin girma?

Hausa ta riga Turanci raba wannan gardama. Muna da shugaba, muna da jagora, kuma ba tagwaye ba ne. Jagora daga "ja gora" take, wato yaron nan da ke riƙe da bakin sandar makaho yana gaba. Ku tsaya ku kalle su ranar Juma'a a ƙofar masallaci. Yaron ba shi ya zaɓi inda za a je ba, mai sandar ne ya ce a nufi kasuwa. Ba shi ke riƙe da jakar kuɗi ba. Abin da ke hannunsa hanya ce: ga kwata, a ɗaga ƙafa, a dakata mota ta wuce. In ya yi sauri sanda ta suɓuce, in ya yi nawa a taka masa dunduniya. Kada masu rubuta manhaja su ce na kira su makafi, ko da yake duk wanda ya taɓa ganin mutum yana rantsuwa aikinsa ba aibi, sannan aikin ya rushe a latsawar farko, zai yi mini uzuri.

To lid ke nan. Ɗaukar ma'aikaci, kora, albashi, hutu, duk na manaja ne. Lid shi ne mai cewa wane sashe za a gwada, wa zai gwada, me za a bari saboda lokaci ya ƙure.

Wani ƙanina a Kumasi, wanda ya gama jami'ar KNUST, ya yi shekara bakwai yana gwajin manhajar tura kuɗi ta waya har ya kai siniya, wato babban mai gwaji. Hannunsa na da ƙaiƙayi: shi ne zai danna "tura" sau biyu daidai lokacin da intanet ta ɗauke, ya ga ko za a cire sidi 50 ko 100. Da aka ba shi lid, muka ci tuwo, muka yi addu'a. Bayan wata biyu na same shi a Aboabo ƙarfe goma na dare, wayoyi uku shimfiɗe kan tabarma, shayi ya huce, yana sake gwada abin da yaransa suka gwada da rana.

Na ce, "Kai da aka ɗaga, me kake yi da wannan?"

Ya ce, "Yaya, ban yarda da idonsu ba."

Nan gizo ke saƙa. Abin da ya kai shi siniya shi ne rashin yarda: kada ka yarda da manhaja, kada ka yarda da wanda ya rubuta ta. Yanzu an ce ya yarda da mutane, ya ga kuskure ya haɗiye, ya bar ƙaramar ma'aikaciya ta gano shi da kanta ko da za ta kwana biyu. Ranar Alhamis kuma ya shiga taro ya gaya wa masu kuɗi cewa ba za a saki manhajar gobe ba, da harshen da suke ji, wato na asara da kwastoma, ba jerin kurakurai 40 ba. Wannan sana'a ce daban. Akwai takardar shaida ta ISTQB, hukumar da ke ba masu gwajin manhaja shaidar ƙwarewa, kan tafiyar da gwaji, ba laifi a yi ta, amma ba ta koya maka kallon idon oga ka ce a'a.

Ni dai ina zargin kalmar da kanta. Tana da araha. Kamfani zai manna wa mutum ita, ya ɗora masa laifin mutum huɗu, albashi ya ɗan motsa ko ma ya ƙi motsi, ikon tsayar da aiki kuwa yana can sama. In manhaja ta fita lafiya, an yaba wa masu rubutawa. In ta cinye kuɗin wata mai wake da shinkafa, sai a ce ina lid yake.

Na tambayi ƙanin nawa ko in ya ce kada a saki, ana fasawa. Ya yi shiru, ya juya waya ɗaya ya kife ta, ya ce sau ɗaya aka taɓa fasawa, shi ma don manajan yana Dubai ne.