Mitfai da fai mai zaƙi a gida: amsoshin tambayoyinku

Anti, mi ya sa mitfai ɗina yake yin tauri kamar ƙanzo?

Hannunki ne da zafin gari. Kwaɓin fai ba na biredi ba ne da ake tuƙawa ana dambe da shi, in kika yawaita murza fulawa bayan ruwa ya shiga sai ta yi danƙo, tana gasuwa kuma ta ƙandare. Ma'aunin da na yarda da shi: fulawa giram 500, bota giram 250, wato bota rabin fulawa, bakin hoda ƙaramin cokali ɗaya, ɗan gishiri. Ki sa kan yatsunki ki murtsuke botar cikin fulawa har ta yi wara-wara kamar garin rogo, sannan ki riƙa zuba ruwan sanyi cokali-cokali, yana haɗewa ki cire hannu, ko bai yi sumul ba ki ƙyale shi.

To ga inda Sakkwato take shigowa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, botar kafin ki gama yanka albasa ta narke ta zama mai, kuma bota narkakkiya ba ta ba da wannan rugurguzawar da ake so. Don haka ki kwaɓa da asuba ko bayan isha'i, ki naɗe a leda ki sa firij minti 30, in babu wuta ki sayi ƙanƙara ki ɗora kwanon a kai. Lokacin hunturu kam ba ki da wannan wahalar, sai dai ki rufe kwaɓin da tsumma mai ɗan danshi don iska na busar da shi ya tsattsage.

Zan iya sa man shanu maimakon bota?

Ƙamshi kam zai yi, amma soyayyen man shanu ruwa yake zama a zafin nan, fai ɗin sai ya yi ta marmashewa ya ƙi naɗuwa. Ni dai botar Simas nake sawa, in ina son ƙamshin sai in ƙara cokali ɗaya na man shanu a haɗin ciki.

Nawa fashewa yake yi a wuta, nama ya fito waje.

Ko kin cika shi da yawa, ko kin zuba haɗin da zafinsa. Niƙaƙƙen nama, dankalin turawa da karas an yanka ƙanana, attaruhu, kori, magi, da albasa, wadda dai ba a yi wa Basakkwace gorinta, ki soya ki ɗan sa ruwa, daga ƙarshe ki dama fulawa cokali biyu ki zuba ya kama jikinsa. Sai ya huce sarai tukuna. Cokali ɗaya da rabi ya isa kowane ɗaya, ki shafa ruwan ƙwai a bakin, ki ninke, ki danne da cokali mai yatsu, ki ɗan huda saman don tururi ya samu hanya.

Ba ni da obin, Yaya, sai na haƙura?

Haba dai. Babbar tukunya, ki zuba yashi mai tsabta kamar tsawon ɗan yatsa, ki ɗora kan gawayi ta yi zafi sosai, ki sa duwatsu uku ko gwangwanin madara, ki aza tire a kai don kada gindin ya ƙone. Abin da mutane ke mantawa shi ne garwashi a kan murfi, in babu shi ƙasan zai yi baƙi saman yana nan fari fat. Mai obin kuma digiri 180, minti 25 zuwa 35, ki shafa ƙwai a sama ya yi ja.

Na zaƙin fa, wanda ake bari a buɗe?

Kwaɓin ɗaya ne, ki ƙara sukari cokali uku da kwaiduwar ƙwai, ki cire bakin hoda. Ki shimfiɗa a gwangwani, ki huhhuda, ki sa takardar gashi ki zuba busasshen wake a kai ki gasa minti 15 tukuna, waken ne zai hana shi kumbura. Dabino da kwakwa sun fi komai dacewa da shi a ganina, ki jiƙa dabinon a madara mai ɗumi ki dame, ga ɗan kirfa, sukari ma ba dole ba. Mangwaro yana da ruwa, sai kin dafa ya yi kauri in ba haka ba gindin ya jiƙe ya yi laɓe-laɓe. Tuffa da Turawa suke ji da ita tana da daɗi amma kuɗinta fa.

Kwana nawa yake yi bai lalace ba?

Mai nama a zafin bazara kada ki bari ya wuni a waje, balle ki ƙulle shi a leda da ɗuminsa. In na biki ne ko na buɗa baki da azumi, ki naɗe su ɗanyu ki jera a firiza, ranar da ake buƙata ki gasa kai tsaye ki ƙara musu minti 5 zuwa 10.