Waiwaye: Yadda cocin Katolika ya sami zama a bakin garin Sakkwato

Wanda ya bi titin bayan gari na gabas ranar Lahadi da hantsi, ya iso daidai Gidan Dare, zai ga 'yan kabu-kabu suna ta sauke mata a ƙofar cocin St. Kevin. Wasu sun ɗaura zanen Zumuntar Mata, wasu da goyo, wasu riƙe da carbinsu na rosari. Samari biyu na tsaye a bakin ƙofa suna shafa wa kowa na'urar bincike kafin ya shiga. A tsallaken titi ga mai kankana da mai rake, 'yan unguwa ne, Musulmi, sun san lokacin da ake tashi daga Mas, wato babbar ibadar Katolika, kamar yadda suka san lokacin azahar. Na sha wucewa ta nan, kuma tambayar da ba ta barina ita ce: me ya kai wuraren ibadar waɗannan mutane gefen gari, alhali da yawansu a cikin Sakkwato aka yanke musu cibiya?

Amsar ta girmi duk wanda ke tsaye a ƙofar nan. A watan Maris na 1903, bayan sojojin Ingila sun ci Sakkwato, Lugga ya yi wa manyan gari alƙawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. A aikace, alƙawarin ya zama shinge: shekaru da dama ba a barin 'yan mishan su kafa tasha a cikin biranen sarakunan Musulmi. Inda aka sassauta shi ne unguwannin baƙi, wurin da akawu da malamin asibiti da ɗan kasuwa daga kudu ke zaune. Ko mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), da aka bar su suka riƙe zangon kutare na Amanawa, ta ƙofar magani suka shigo, kuma a wajen gari. Ke nan tun farko coci a ƙasar Sakkwato da sunan abin baƙi aka san shi, a bakin gari aka ajiye shi.

Abu na biyu shi ne dogo. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, bai taɓa ƙarasowa Sakkwato ba. Inda jirgi ya tsaya nan gyaɗa da auduga suka taru, nan kamfanoni suka buɗe kanti, nan ma'aikata Ibo da Yarabawa suka yi yawa. Shi ya sa Katolika suka fara yin ƙarfi a Gusau kafin birnin Shehu, ko da yake sunan Sakkwato aka ba yankin.

A 1953 ne Fafaroma ya yanke wannan yanki daga Kaduna ya mai da shi mai cin gashin kansa, ya danƙa shi ga limaman ƙungiyar Dominikan 'yan Amurka, waɗanda ba su daɗe da sauka a Legas ba. Fada Edward Lawton aka ɗora a kai a 1954. Ƙasa ce mai faɗin gaske: lardin Sakkwato gaba ɗaya da na Katsina, abin da yau ya zama jihohin Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Katsina. Limamai kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Fada ɗaya zai yi Mas a wani gari da safe, ya kama hanyar burji ya nufi wani kafin dare. Sistoci daga Kansas suka biyo baya, suka kama aikin jinya da koyarwa. A 1964 aka ɗaga yankin ya zama cikakkiyar dayosis, wato yankin da bishop ke shugabanta, Lawton ya zama bishop na farko.

Bai more kujerar ba. Shekara biyu bayan haka, a 1966, aka yi kashe-kashen da suka kori Ibo daga Arewa, kuma su ne mafi yawan masu cika benci ranar Lahadi. Coci ya wayi gari fayau. A watan Disamba na shekarar Lawton ya rasu. Wanda ya gaje shi a 1967, Michael Dempsey, ya tarar da gine-gine babu jama'a, ga yaƙin basasa ya kunno kai.

A ganina nan ne labarin ya juya, kuma nan ne yawancinmu Musulmi ba mu san shi ba. Da baƙi suka tafi, sai limaman suka mai da hankali ga mutanen ƙasa: Maguzawan ƙauyukan Malumfashi da Funtuwa, da ƙabilun wajen Yawuri. Aka horar da katikis, wato masu koyar da addini a coci, 'yan gida, aka riƙa yin Mas da wa'azi da Hausa, aka rera waƙoƙi da kiɗan da mutane suka sani. Daga cikin Dominikan ɗin nan har aka sami Fada Joseph Kenny, wanda ya zurfafa a Larabci da ilimin Musulunci, daga baya ya koyar a Jami'ar Ibadan. Wanda duk ya ce Katolika a nan addinin 'yan kudu ne kawai, bai taɓa tsayawa ya ji yadda ake kiran sunayen yara a ajin baftisma ba: Musa, Ladi, Talatu, Danjuma, Audu.

Bayan yaƙi mutane suka dawo, garin kuma ya canza. Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka buɗe jami'a a 1975, ga kamfanin siminti a Kalambaina, ga barikin soja na Giginya, ga 'yan sanda da ma'aikatan banki da masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa duk shekara. Babbar majami'ar Holy Family da ke titin Bello ba ta iya ɗaukar kowa. Sababbin zuwa ba sa samun haya a tsohon gari, sai su nufi unguwannin da ke tsirowa a gefe, inda ɗaki ke da araha. Yadda farish, wato cocin unguwa mai limaminsa, ke haihuwa ke nan: gidaje kaɗan su fara haɗuwa a falon wani, su koma rumfa, katikis ya riƙa jagorantar addu'a, Fada ya riƙa zuwa jefi-jefi, har wata rana bishop ya turo musu limami nasu ya zauna.

Sai maganar fili, wadda ita ce ƙashin bayan lamarin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka. Shugabannin Kirista a Arewa sun daɗe suna kukan cewa samun takarda da sunan coci abu ne mai wuyar gaske. Saboda haka ake sayen fili can nesa, inda babu maƙwabcin da zai yi ƙorafi. Amma gari ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wurin da jiya gonar gero ce, yau gidaje ne da shaguna da masallatai, kuma maƙwabcin da ya zo daga baya yana ganin kamar cocin ne ya kutso masa.

An sami bishop ɗan ƙasa na farko a 1984, Kevin Aje, mutumin Filato. Shi ya riƙe dayosis lokacin da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Sakkwato ta bi a 2000, mutane da yawa suka kwashe iyali cikin fargaba, wasu suka dawo da ƙura ta lafa. A 2011 Matthew Hassan Kukah ya karɓe shi. Kukah mutum ne da ba ya ɓoye abin da ke bakinsa. Saƙonsa na Kirsimetin 2020 ya fusata mutane har wasu suka nemi ya bar gari. Amma shi ɗin ne kuma ke zama teburi ɗaya da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar a kwamitin zaman lafiya na ƙasa da Janar Abdulsalami ke jagoranta.

Watan Mayu na 2022 ne ya fi yi mini ciwo. Ranar 12 ga wata aka kashe ɗaliba Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Kwana biyu bayan haka masu zanga-zangar neman a saki waɗanda aka kama suka farfasa tagogi a Holy Family, suka sa wuta a wani ɓangare na St. Kevin, har ginin asibitin da ake yi a harabar bai tsira ba. Gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24, bishop ya dakatar da Mas a cikin birni. Asibitin nan, in an gama shi, matan unguwa ne za su fi kowa kai 'ya'yansu, kuma ba za a tambaye su addini a bakin ƙofa ba. Ban ga abin da addininmu ya ƙaru da shi ba da aka fasa masa gilashi.

A karkara kuma ta'asar 'yan bindiga ba ta bar kowa ba, ba Musulmi ba Kirista. Michael Nnadi, ɗalibin limanci na wannan dayosis mai shekara 18, an sace shi a Kaduna a Janairun 2020 aka kashe. A 2021 an kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. Iyalai da dama sun baro ƙauyuka sun tare a bakin manyan garuruwa, sun ƙara cika cocin da ke gefe.

Faɗin dayosis ɗin ya ragu da lokaci. Wani sashe na kudancin Kebbi ya koma ƙarƙashin Kontagora tun 1995. A watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya yanke Katsina ta zama dayosis mai zaman kanta, ya naɗa mata Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi.