Ɗaukar hoton taro a zauren da ba shi da isasshen haske: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa hotunan da nake ɗauka a zauren taro suke fitowa dishi-dishi?

Idan aka bar kyamara ta zaɓa da kanta a wuri mai duhu, sai ta jinkirta ƙiftawarta domin ta tara haske, har ta sauka zuwa 1/30 ko 1/15 na daƙiƙa. A ɗan wannan lokacin mai jawabi ya riga ya ɗaga hannu ko ya juya kai, kai ma hannunka ya motsa. Saboda haka ka saita saurin ƙiftawar da kanka: kada ya gaza 1/125 ga wanda yake tsaye a gaban makirufo, idan kuma mai yawan nuni da hannu ne, ka kai shi 1/200.

To ai hoton zai yi duhu. Yaya zan yi?

Ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa kyamara ƙarfin kama haske, ba tare da fargaba ba. Sabon shiga yakan maƙale a 400 domin an gaya masa cewa abin da ya wuce haka yana jawo yashi-yashi a jikin hoto. Gaskiya ne yana jawowa, amma yawancin kyamarorin zamani suna ba da hoto mai amfani a 1600 ko 3200, wasu ma har 6400. A ganina wannan shi ne abin da ya fi kamata mai koyo ya riƙe, domin yashi-yashin ana iya rage shi a kwamfuta, musamman idan an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, alhali fuskar da ta shafe saboda motsi ba ta da magani. Masu shirya taro suna son a gane baƙonsu ne, kuma yawanci a waya za a kalli hoton.

Gilashin da ya zo da kyamarata ya isa?

Da ƙyar. Irin na 18-55mm ɗin nan, idan aka janyo shi har ƙarshe, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6 (ƙaramar lamba ita ce ke nuna ƙofa mai faɗi). Gilashin 50mm mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi. Sai dai ba ya janyo nesa, dole ka matsa kusa, ka kuma tabbata saitin kaifin hoto (focus) ya faɗa kan idon mai magana.

Zan iya kunna filasha?

Lokacin jawabi gara ka bar ta, domin tana kashe wa mai magana ido, tana kuma dishe rubutun majigi. Ka ajiye ta don hoton rukuni da miƙa lambar yabo, kuma idan silin ɗin fari ne mara tsayi sosai, ka juya kanta sama hasken ya sauko a tausashe.

Wasu layuka suna ratsa hotuna, daga ina suke?

Daga fitilu ne. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, don haka dogayen fitilu da wasu na LED suna ƙyaftawa sau 100, abin da ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. A irin wannan hali ka koma 1/100, ko da yake ya ɗan gaza 1/125, ka kuma kashe tsarin ɗauka mara ƙara, wanda ya fi janyo layukan.

Yaushe ne ya fi dacewa in danna?

Ka zo kafin jama'a, ka sa wani ya tsaya a inda za a yi jawabi, ka gwada saitinka a kansa. Idan an fara, ka jira mai magana ya kai ƙarshen jimla, ya ɗago kai daga takarda ya dubi mahalarta. A nan jikinsa ya fi natsuwa, bakinsa kuma bai karkace ba. Ka ɗauki uku ko huɗu a jere, ka zaɓi ɗaya daga baya.