An goge hotonka a Wikipedia? Ba kotu za a kai ka ba

Duk lokacin da aka kammala gasar ɗora hotuna ko taron horar da sababbin editoci, ba a kwana biyu sai ƙorafi ya fara. Mutum ya buɗe shafinsa na tattaunawa, ya tarar da akwati mai jar alama, an sanar da shi cewa hotonsa ya keta haƙƙin mallaka. Daga nan sai labari ya shiga yawo: wai za a ci shi tara, wai sunansa ya riga ya isa hannun lauyoyi, wai kuma duk hoton da ya tsira daga gogewa ya zama mallakin Wikipedia. Na san wadda ta daina ɗora ko hoton tsuntsun da ta ɗauka da hannunta saboda wannan tsoro. Yawancin maganganun nan shaci-faɗi ne. Ɗaya ce kawai ke da ƙanshin gaskiya, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Bari in fara da hukuncin, tunda shi ke hana mutane barci. Gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da Wikipedia, ba ta cin kowa tara, ba ta da ma tsarin yin haka. Masu goge hotuna a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, wanda aka buɗe a 2004, wanda yanzu ke ɗauke da fayiloli sama da miliyan 100, 'yan sa kai ne irinka. Idan satar a fili take, misali an kwaso hoto daga shafin jarida har da tambarinta a gefe, nan take za a goge. Idan shakka ce kawai, ko ba a ga shaidar izini ba, yawanci akan ba da kwana bakwai ka zo ka yi bayani. Wanda aka yi ta jan kunnensa ya ƙi ji, shi ake toshe wa asusu, da farko na ɗan lokaci, in ya ci gaba a rufe baki ɗaya. Hoton da aka goge ma ɓoye shi aka yi, masu gudanarwa na iya dawo da shi idan hujja ta zo daga baya.

Wannan ba ya nufin doka ta sallame ka. Alhakin abin da aka ɗora yana wuyan wanda ya ɗora, kuma mai haƙƙi na da damar neman haƙƙinsa a kotu in ya ga dama. Sai dai hanyar da aka saba bi ta fi haka sauƙi: wata dokar Amurka ta 1998 ta ba shi damar aika wa gidauniyar takardar ƙorafi, in takardar ta cika sharuɗɗa a cire hoton.

To, mene ne ƙa'idar kanta? Commons ba ta karɓar hoto sai wanda kowa zai iya ɗauka, ya sarrafa shi, ya yi amfani da shi don kowace manufa, har da neman kuɗi. Abubuwan da suka cika wannan sharaɗi ba su da yawa: hoton da ka ɗauka da kanka ka sake shi, wanda mai shi ya sake a ƙarƙashin lasisin da ke ba kowa izinin amfani, irin CC BY, CC BY-SA ko CC0, wanda wa'adin haƙƙinsa ya ƙare, da kuma irin na ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka, kamar yawancin hotunan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, waɗanda tun asali doka ba ta sa musu haƙƙin mallaka ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin da ake tambayarka ko aikin naka ne. Mutane na danna e da zuciya ɗaya, don a ganinsu hoton nasu ne: su ne a ciki, ko su suka biya, ko a wayarsu yake. Doka kuwa a mafi yawan ƙasashe tana bin wanda ya ɗauka ne. Wani sabon edita ya taɓa aiko mini hotonsa sanye da rigar kammala karatu, ransa a ɓace, yana cewa ta yaya za a ce fuskarsa ba tasa ba ce. Na ƙara girman hoton, sai ga sunan ɗakin ɗaukar hoto da ƙananan haruffa a kusurwar ƙasa. Kuɗin da ya biya na kwafi ne, haƙƙin yana nan wurin mai kyamara matuƙar ba su rubuta wata yarjejeniya ba. Tambayar wa ya danna ta taɓa kai ga abin dariya: a 2011 wani biri a tsibirin Sulawesi na Indonesiya ya ɗauki kansa da kyamarar David Slater, ɗan Birtaniya. Da Slater ya nemi a cire hoton daga Commons aka ƙi, bisa hujjar cewa biri ne ya ɗauka, dabba kuma ba ta mallakar haƙƙi.

Haka nan rubuta sunan mai hoto a ƙasa ba izini ba ne. Samun hoto a Google ko Facebook ba ya halatta shi, ko da babu wata alama a jikinsa, domin haƙƙi na samuwa ne daga lokacin da aka ɗauka, ba sai an yi rajista ba. Ɗaukar hoton allon talabijin, ko bangon littafi, ko fosta da wayarka bai mai da su naka ba.

Sai maganar nan mai ƙanshin gaskiya. Wikipedia ba ta ƙwace hotonka, naka ne, kana iya sayar da shi gobe ga wanda ka so. Amma lasisin da ka sa masa ba a janye shi. Ranar da ka danna, bakin alƙalami ya bushe. Kamfani na iya buga hoton a kalanda ya sayar, mai talla na iya yanke shi ya sauya launi, kuma ba sai sun tambaye ka ba, ba sai sun ba ka ko sisi ba. Abin da ke kansu shi ne su ambaci sunanka da lasisin, kuma in CC BY-SA ne, duk abin da suka sarrafa daga hoton su sake shi da lasisi iri ɗaya. Shi ya sa izinin da ke cewa "ku yi amfani da shi a Wikipedia kawai" ko "ban da kasuwanci" ba ya aiki, komai kyakkyawar niyyar mai shi. Dalilin shi ne ana so kowa ya iya kwafar kundin ya buga ko ya rarraba ba tare da bin dubban mutane yana roƙo ba. Na yarda da dalilin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ake barin sabon shiga ya wuce wannan mataki a guje, alhali nan ne ya kamata a tsayar da shi ya yi tunani, musamman in fuskar mutum ce a hoton.

Akwai kuma tarkon da ke kama har tsofaffin hannu: ka ɗauki hoto da kanka, a kan titi, da rana tsaka, a goge shi. Gini da mutum-mutumi su ma ayyukan fasaha ne masu haƙƙi, kuma kowace ƙasa da matsayinta kan ɗaukar su. Jamus ta yarda a ɗauki abin da ke tsaye dindindin a bainar jama'a. Amurka ta yarda da gine-gine, ban da sassaƙe-sassaƙe. Beljiyam sai a 2016 ta sauya dokarta, kafin nan ginin Atomium na Brussels ba ya shiga Commons. Faransa ta yarda ne kawai in ba don kasuwanci ba, wanda bai ishi Commons ba. Saboda haka dalar gilashi ta gidan tarihi na Louvre, wadda I. M. Pei ya zana, ba za ta zama jigon hotonka ba. Pei ya rasu a 2019, haƙƙi kuma a Faransa na kai shekara 70 bayan rasuwar mai aikin, lissafin ya kai mu 2090. In ta faɗo ne a gefe kana ɗaukar filin gaba ɗaya, akan ɗaga ƙafa.

Wani zai ce ai ya ga tambarin kamfanoni da fostocin fina-finai a Wikipedia ta Ingilishi. Gaskiya ne, amma irin waɗannan masu haƙƙi ba a Commons suke ba. A 2007 gidauniyar ta ba kowane sashen harshe damar kafa ƙa'idarsa ta rangwame, na Ingilishi ya kafa tasa bisa dokar Amurka, da sharuɗɗa masu tsauri: hoton ya zama ƙarami, a rubuta hujjar sa shi a kowace maƙala, kuma ya kasance babu yadda za a samu madadinsa. Don haka ba a cika yarda da hoton rayayyen mutum ta wannan ƙofa ba, tunda wani na iya zuwa ya ɗauke shi. Sashen Sifaniyanci ma bai buɗe ƙofar ba sam.

Inda ƙa'idar ta fi ci mini rai shi ne tsofaffin hotuna. Tsufa kaɗai ba ya 'yanta hoto. Ƙasashe da yawa na ƙirga shekara 70 bayan rasuwar wanda ya ɗauka, Meziko har 100, kuma Commons na so hoton ya zama 'yantacce a ƙasar da ya fito da kuma Amurka, inda wasu ayyukan ke kai shekara 95 daga wallafawa. Ƙasashen da suka daɗe da ajiye bayanai a rubuce sun san wa ya ɗauki me da shekarar da ya rasu. Wanda kuwa ya gaji hoton kakansa malami ko mawaƙi, ba suna a baya, ba kwanan wata, da wuya ya iya kawo hujja, Commons kuma in shakka ta yi ƙarfi gogewa take yi. Sakamakon shi ne maƙalolin mutanen da tarihi ya riga ya yi wa rowa su ne ke zama ba fuska. Ban ce 'yan sa kai sun yi laifi ba, ba su suka rubuta dokokin ƙasashe ba, amma rashin daidaiton a fili yake.

In mai hoton yana raye, ko an san magadansa, akwai mafita. Shi da kansa, ba kai ba, zai aika imel ga rukunin 'yan sa kai masu tantance izini, wanda ake kira VRT. Ya faɗi cewa shi ne mai haƙƙin, ya nuna hoton da yake nufi, ya ambaci lasisin da sunansa, ya kuma tabbatar ya fahimci cewa kowa na iya amfani da shi don kasuwanci kuma ba zai janye ba. Wasiƙar ba ta fitowa fili, lambar shaida kawai ake maƙalawa a shafin hoton. Amsa na iya ɗaukar kwanaki ko makonni, in kuma an riga an goge hoton kafin ta iso, za a dawo da shi.